Ruwa Na Biyu a Famfon Goggo

Ni tela ce, aikina zare da allura, ba shiga sha'anin gidan mutane ba. To amma ƙofar bayan shagona tsakar gidan mai shagon take kallo, ni kuwa ba zan yi ɗinki ido a rufe ba. Abin da na gani a gidan nan ya tsaya mini a maƙogwaro, shi ya sa na ce gara in faɗe shi ko na samu in haɗiyi yawu.

Gidan bene ne. Maigidan da matarsa da ɗansu suna sama. A ƙasa shagona ne ta gaba, sai wani ɗaki ta baya kusa da tankin ruwa, inda Goggo take zaune. Goggo yayar mahaifin maigidan ce, kuma ita ta goya maigidan. Gajeriyar tsohuwa ce, baya ya ɗan ranƙwafa, gwiwoyi sun daɗe da yin sallama da matakalar bene. Baki ne kawai bai tsufa ba. Tana da ɗan famfonta a ƙofar ɗaki, nan take alwala, nan take cika butar shayi.

Maigidan kowa Injiniya yake ce masa. Ba injiniya ba ne, a ofishin inshora yake aiki. Fanka ya taɓa gyarawa, ta ɗan juya sannan ta turnuƙe ɗakin da hayaƙi, sunan ya bi shi, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba. Matarsa Malama kiwon lafiya take koyarwa a makaranta. Mace ce mai kirki daidai gwargwado, sai dai in kun gaisa da ita, kina juya baya za ki ji ƙarar ruwa tana wanke hannu.

Ruwan unguwarmu na burtsatse ne, yana da ɗan zartsi, mun saba da abinmu. Malama ce ba ta saba ba. Ba ta bar Injiniya ya sha iska ba sai da ya sayo matatar ruwa, aka haɗa ta a ƙarƙashin sinkin kicin ɗinsu na sama. Aka haɗa, aka buɗe, matata ta ce ɗis. Aka jira, ta sake cewa ɗis. Tankin a tsakar gida yake kan ƙafafun ƙarfe, da kaɗan ya ɗara benen, kafin ruwa ya kai kicin ya galabaita, ba shi da ƙarfin ratsa matatar. Malama takan ajiye kofi ta je ta yi wanka ta shirya, ta dawo ta tarar ko kurkure baki ba zai yi ba.

Shi ne fa aka ce sai an saka inji mai ƙara wa ruwa ƙarfi.

Ranar da aka kawo injin kamar an kawo jariri daga asibiti. Injiniya bai yarda kowa ya taɓa kwalin ba. Ɗan mitsitsin abu ne ja da baƙi, kan keken ɗinkina ma ya fi shi girma. Mai gyaran famfo ya zo da jakar kayan aiki a kafaɗa da waya manne a kunne, don tun da ya shigo har ya fita yana faɗa wa wani cewa ga shi nan a hanya. Injiniya ya tsaya a kansa da takardar da ta zo a kwalin. Ba da harshen da yake ji aka rubuta ta ba, amma akwai hotuna, kuma ya ce sun wadatar.

Goggo ta jawo tabarma ƙofar ɗaki ta zauna kallo.

“Ɗan nan, wannan ɗan abin ne zai tura ruwa har sama?” in ji ta. “To in ya gama da ruwan, a tambaye shi ko zai iya tura tsohuwa. Na kwana biyu ban ga falonku ba.”

Injiniya ya yi dariya ya ce, “Goggo ke nan.”

Mai gyara ya duba gindin tanki ya ce a nan injin zai zauna, a kan bututun da ya hau sama. Matsalar ita ce daidai wurin ne reshen da ke kai ruwa famfon Goggo ya fita. Ya ce sai an yanke shi, daga baya a zagayo da shi da sabon bututu, amma yau bai zo da bututu ba.

“Yanke,” in ji Injiniya. “Abu ne na yau da gobe.”

Mai gyara ya sa zarto ya yanke. Ya naɗa farin zaren nan a bakin ƙarfe, ya ɗaure inji a kan bulo, ya ja waya zuwa soket. Injiniya ya yi bismillah ya kunna da kansa. Inji ya ɗauki gurnani, bututu ya yi rawa, can sai muka ji guɗar Malama daga tagar kicin.

“Ya zo! Wallahi ya zo! Kamar da bakin ƙwarya!”

Murna ba ta gama sauka ba sai wani siririn tiyo da ya leƙo ta tagar ya fara tsiyayo da ruwa tsakar gida, shaaa, ba ƙaƙƙautawa. Injiniya ya daka tsalle.

“Kai, kai, kai! Wani abu ya fashe!”

“Ba abin da ya fashe, Oga,” in ji mai gyara, waya a kunne. “Wanda matatar ta ƙi ne. Tana ware mai kyau, ta koro sauran da gishirin da dattin. Da ma yana fita, yanzu da ƙarfi ya zo ne ya yi yawa. Kwata ake kai shi.”

“Kwata?”

Ya kamata in faɗa muku wani abu game da gidan nan. A gidan Injiniya ba a zubar da ruwa. Na wanke-wanke na ban ruwan furanni ne, na wankin kaya na goge ƙasa ne, na alwala ma akwai roba a ƙarƙashi. In ya ji famfo yana ɗiga, daga kan gado zai taso. Ni kaina ya taɓa tsare ni a kan ruwan da na yayyafa wa yadi kafin guga. To mutum irin wannan aka ce wa ya kai ruwa kwata.

Ya tsaya ya kalli tiyon da ke zuba. Ya kalli famfon Goggo da ya ƙafe. Ya kalli wani tsohon durom shuɗi da ke jingine da katanga. Na ga lokacin da dabarar ta faɗo masa, don fuskarsa ta washe irin ta ranar fankar nan.

“A ɗora durom ɗin nan a kan bulo, a zura tiyon a ciki, a haɗa shi da famfon Goggo. Ga ruwa bai ɓaci ba, ga Goggo ta samu. Kun gani? Wannan ba ya cikin takarda.”

“Na wanki ne dai, Oga,” in ji mai gyara.

“Wa ya ce maka na sha ne? Na wucin gadi ne, kafin ka kawo bututu.”

Wayar mai gyara ta sake ƙara, ya ce wa na cikinta ga shi nan a hanya, ya haɗa yadda aka ce. Goggo ta buɗe famfonta ruwa ya zo garai-garai, har ya fi na da ƙarfi. Ta ɗaga hannu ta yi ta sa wa Injiniya albarka. Da yamma na ji tana faɗa wa wata ƙawarta da ta zo gaishe ta cewa ɗanta ya saka mata ruwan zamani har ƙofar ɗaki. Babu wanda ya ce mata kada ta sha.

Shayi ne ya fara tona asiri. Goggo ta kira ni da safe ta miƙo mini kofi.

“'Yar nan, ɗanɗana mini. Bakina ne ya lalace ko ganyen ne?”

Na kurɓa, na rasa inda zan tofar. Kamar an jiƙa tsohon ƙusa a ruwan gishiri.

“Goggo, ba bakinki ba ne, ruwan ne.”

“Ruwan zamani ke nan,” in ji ta. “Ai komai na zamani haka yake, sai an daure.”

Ba a daɗe ba cikin butar shayinta ya yi fari fat, ɓawo-ɓawo, sai an kankare da cokali. Sabulu ya daina kumfa. Ɗankwalin da ta wanke yakan bushe ya sandare kamar an sa masa sitaci. Ita kuma ƙishirwa ta addabe ta, tana sha tana ƙara jin ƙishi, tana ƙara sha. Leɓɓanta suka tsattsage.

Na tare Injiniya yana goge mota.

“Yallaɓai, ruwan Goggo fa ba ya shayuwa. Yaushe za a kawo bututun?”

“Tela, kin san matsalarmu? Rashin fahimtar kimiyya.” Ya ajiye tsumma don ya samu hannun yin bayani. “Da, Goggo tana shan ruwan da bai taɓa ganin na'ura ba. Yanzu tana shan wanda ya shiga na'ura ya fito. Wannan ci gaba ne ko ci baya?”

“Ta ƙofar baya ya fito, Yallaɓai.”

“Duk ruwa ɗaya ne. Namu na farko, nata na biyu. Uwa ɗaya uba ɗaya, tanki ɗaya.”

Daga ranar sunan ya zauna. Ba a cewa ruwan datti a gidan, sai dai ruwa na biyu. In ka ji yadda suke faɗa, sai ka ɗauka wani matsayi ne aka ba shi a gasar makaranta.

Na je wa Malama, na ce ita ce mai ilimin lafiya.

“Haba Tela, kicin ɗina a buɗe yake ga Goggo. Ta hau ta ɗiba ko nawa take so, uwa ce fa.”

“Da wace gwiwar za ta hau?”

“To ai motsa jiki yana da kyau ga tsofaffi.”

Kicin ɗin da ta ce a buɗe yake, kulle shi take yi in za ta fita aiki, makullin yana jakarta. Da na tuna mata, ta ce wallahi gaskiyata, daga gobe za ta riƙa sauko da jarka kullum da safe. Jarka ta sauko na 'yan kwanaki. Daga nan ranar an makara, ranar jarkar ba a wanke ba, ranar an ɗauke wuta inji bai tashi ba. A hankali jarka ta koma ajiyar man janareto.

Abu ɗaya ne ba a taɓa mantawa da shi ba. Kullum da safe Malama takan sauko da ɗanta ta miƙa wa Goggo raino kafin ta wuce makaranta, kuma kullum da 'yar gorarsa cike da ruwan sama. Yaron bai daɗe da fara tafiya ba, ƙato ne tubarkalla, kumatu kamar an hura. Goggo Angona take ce masa, tana yi masa tsiyar ya aure ta bai kawo ko zani ba.

“Goggo, ga ruwansa nan. Wannan kawai za a ba shi.”

“Na famfona fa?”

“A'a, ba don komai ba, cikin yara ne bai yi ƙwari ba.”

“Namu kuma ya yi ƙwari har ya wuce,” in ji Goggo, ta karɓi gorar ta rataye a ƙusa.

Na sha ganin ta da rana tsaka tana ba shi ruwan nan, tana riƙe masa gorar, maƙogwaronta yana motsi tare da nasa. In ya rage, takan rufe ta mayar wa uwarsa da yamma. Na ce mata ta kurɓi ragowar mana, wa zai sani? Ta harare ni.

“In sha ruwan miji? Ke ba ki da ta ido.”

Sai ƙafafun Goggo suka fara kumbura. Ni na fara lura, don silifas ɗinta ya daina shiga, tana takawa a kan madaurin. Zoben azurfar da ke hannunta ya nutse a cikin nama. Ga ciwon kai, ga jiri in ta miƙe. Wata rana na ga ta dafa bango ta daɗe a tsaye, na rufe shago na sa ta a mota muka je asibitin unguwa. Ma'aikaciyar jinya ta gwada ta ta zaro ido, ta ce jini ya hau sosai, ta ba da magani, ta ce a nisanta ta da gishiri. Na buɗe baki zan kawo maganar ruwa, Goggo ta taka mini ƙafa da kumburarriyar ƙafarta.

A hanya na ce, “Goggo, me ya sa?”

“So kike in tsaya gaban bare in ce ɗan da na goya yana ba ni gishiri a kofi? Bai sani ba ne. Aiki ya yi masa yawa.”

Da Malama ta ji sakamakon asibiti, sai ta tafa hannu.

“Na faɗa! Na sha faɗa, Goggo tana son gishiri da yawa.”

Daga ranar aka cire gishiri daga abincin Goggo ƙaf. Malama da kanta take ɗebe mata nata kafin ta sa wa tukunya, kuma tana faɗa wa duk wanda ya zo irin kulawar da ake yi. Abinci salam, ruwa zartsi. Goggo ta ce ai ba a yi asara ba, in ta ci loma sai ta kora da ruwa, a ciki za su haɗu su daidaita.

Ni abin ya daina ba ni dariya. Na fara sayo mata ruwan leda ina ajiyewa a ƙofarta. Injiniya ya dawo aiki ya gani, ya shigo shagona ko sallama bai ƙarasa ba.

“Tela, me kike so unguwa ta ce? Gidan da ke da matata da inji, a ga ana shigo wa uwata da ruwan leda? Kin san a inda ake ɗura shi? Ni ban hana ki zumunci ba, amma kowa ya tsaya a shagonsa. Masu neman shagon nan suna da yawa, ni ne nake cewa muna da tela mai hankali.”

Na gane karatun. Goggo ma ta jiyo, ta kira ni ta ce in rufa mata asiri in daina, kada in rasa wurin neman abincina a kanta. Ban daina duka ba. Nakan ɗuro mata a fulas in rufe da ƙyallayen yadi in kai kamar aike. Amma abin da ake kawowa a ɓoye bai isa shayi da magani da ƙishirwar yini guda ba, kuma ranar da ban buɗe shago ba, sai famfo.

Maganar bututu kuwa kullum tana hanya. Mai gyara ya yi tafiya. Mai gyara ya dawo amma irin bututun ya yanke a kasuwa. An samu bututun amma Injiniya yana so ya zana yadda zai bi tukuna. Inji dai yana ta gurnaninsa a gindin tanki, durom yana cika yana tumbatsa, Injiniya yana nuna wa baƙi yana cewa ko ɗigo ba ya ɓaci a gidan nan.

Ranar da abin ya fashe, da la'asar ne. Ina auna wata mata, Goggo ta tayar da salla a zaune a ƙofar ɗaki, Ango yana ta wasansa a tsakar gida. Ashe ya daɗe yana nazarin yadda ake murɗa famfon nan. Ya ɗauki kofin Goggo, ya murɗa, ya tara, ya kafa kai. Daidai nan iyayensa suka turo ƙofa.

Ihun da Malama ta yi, sai da matar da nake aunawa ta saki mayafinta.

“Tofar! Tofar da shi! Wayyo Allah, ya sha! Ruwan datti ne! Dattin da matata ta fitar ne, gishiri ne zalla! Ƙodarsa, Injiniya, ƙodar yaron nan!”

Ta fizge kofin ta yi jifa da shi, ta zura yatsa a bakin yaro. Yaro ya tsala kuka. Injiniya ya jefar da jakar ofis yana lalube aljihu.

“Ɗauko shi mu tafi asibiti! Guba ce wannan, ba a wasa da ita!”

Goggo ta sallame. Ta shafa addu'a a nitse, sannan ta juyo.

“Me ya sha?”

“Ruwan famfonki, Goggo!” in ji Malama.

“Wanda nake sha?”

Inji ya ci gaba da gurnaninsa.

“Na biyun?” in ji Goggo. “Ikon Allah. Ashe yana da wani sunan.”

Malama ta sunkuyar da kai tana gyara wa yaro riga. Injiniya ya kalli durom kamar yau ya fara ganinsa. Goggo ta ce su hanzarta su kai mata miji a duba, magana ba ta ƙare ba sai an ga lafiyarsa. Suka fita sumui-sumui.

Ba su daɗe ba suka dawo, likita ya ce kurɓa kaɗan ba za ta yi masa komai ba, amma kada a bari ya saba. Tun daga bakin ƙofa Injiniya yake waya da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

“Gobe da sassafe! Ka zo da bututu, ko a ina yake ka nemo shi. Ba na son jin kana hanya. Wannan abu ba zai sake kwana ba.”

Wallahi har ƙwalla na yi. Na ruga wurin Goggo na ce kin ji, Allah ya kawo ƙarshen abin. Ta ce, “Ba na faɗa miki bai sani ba ne?” Ta ɗauko butar shayinta ta zauna tana kankare farin ɓawon nan da cokali har sai da cikinta ya yi ƙyalli, ta ce ba za ta karɓi sabon ruwa a tsohuwar buta ba.

Da safe mai gyara ya zo, kuma abin mamaki da bututu sabo fil a kafaɗa. Goggo ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau ta fito da tabarma. Na bar ɗinki na tsaya a ƙofa. Na ga bai nufi gindin tanki ba, famfon Goggo ya nufa. Ya kwance kan famfon, ya ɗaura sabon bututun a wurin, ya miƙar da shi tsaye a jikin bango.

“Malam, ina kuma zai bi?” na tambaya.

“Sama,” in ji shi.

Injiniya ya sauko da yaro. Ya tsayar da shi a jikin bango, ya ɗaga biskit sama, yaro ya miƙa hannu yana ɗage. Ya sa fensir ya yi alama a inda yatsunsa suka tsaya. Malama ta ce a ƙara, yara suna saurin tsawo. Aka ƙara. Ta ce yana iya jawo bokiti ya taka. Aka sake ƙarawa. Mai gyara ya yanke bututu, ya mayar da kan famfo can bisa, ya buga masa maƙalai a bango. Tiyon yana cikin durom, durom yana haɗe da famfo, in ban da ɗaga shi da aka yi bisa katanga don ruwa ya kai, ba abin da aka taɓa.

An auna yaro, an auna bokiti. Goggo ba a auna ta ba. Ni da tef ɗin awo yake rataye a wuyana na san tsawonta ba sai na auna ba, ni nake yi mata riga. Ta tashi da ƙyar ta miƙa hannu. Yatsunta suka tsaya ƙasa da kan famfon da kusan taƙi guda.

Na manta da shago, na manta da masu nemansa.

“Yallaɓai, ka ji tsoron Allah! Bututun nan da aka miƙar sama, da an kwantar da shi ƙasa ya isa ya kawo mata ruwan tanki. Jiya da bakinka ka ce guba ce!”

“Tela, komai mataki-mataki ne. Mun magance na gaggawa. Na Goggo yana tafe, yana cikin tsari.”

“Kuma ai Goggo babba ce,” in ji Malama a hankali. “Ta san yadda za ta kula da kanta.”

Goggo ta ja ni ta zani ta ce in yi shiru. Ta ɗaga kai tana kallon famfon.

“Bar su, 'yar nan. Ko ba komai ruwana ya samu ƙarin girma. Da ni nake sunkuya masa, yanzu shi yake kallona daga sama.”

Injiniya ya yi dariya, ya ji daɗi an sauƙaƙa masa. Ya shiga ɗakin ajiya ya fito mata da wata 'yar kujerar katako ta tsuguno, ya goge ta da hannun rigarsa, ya ajiye a gindin famfo. Ya ce ta riƙa takawa a hankali.

Abin da ke ƙona mini rai, babu wanda ya taɓa zagin tsohuwar nan a gidan. Babu wanda ya ɗaga mata murya. Kullum da safe sai sun durƙusa sun gaishe ta, in baƙi suka zo a ce ga uwarmu, albarkar gida. Da a ce mugunta ce ƙiri-ƙiri, da unguwa ta taru ta yi magana. Amma wannan ba a kiran sa komai. Sun san abin da ke cikin durom ɗin sarai, sun san sunansa, sun faɗe shi da ƙarfi ranar da ya taɓa leɓen wanda suke jin zafinsa. Ga wadda ta gama yi musu wahala kuwa, sai ya koma na biyu, na wucin gadi, mai zuwa cikin tsari. Irin gidajen nan suna da yawa, kuma masu su duk mutanen kirki ne a waje.

Washegari Malama ta sauko cikin sauri da yaro da gorarsa. Ta tarar da Goggo a kan kujerar, ƙafafu a kumbure, hannu ɗaya dafe da bango, ɗayan ya ɗaga butar da ta kankare tana tara ruwa. Malama ta tsaya ta dube ta, na ce to, yau dai zuciya za ta motsa.

“Goggo,” in ji ta, “don Allah in kin gama ki riƙa shigar da kujerar nan ɗaki, kada ya hau.”

Goggo ta ce, “To.”

Ta sauko da ƙyar, ta ajiye buta, ta sunkuya ta ɗauki kujerar ta kai ɗaki ta tura ƙarƙashin gado. Haka take yi har yau, duk lokacin da ta ɗebi ruwa, ba ta taɓa mantawa ba.